Canza solinoyid ɗin VVT a injin mota: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi na tattaro su ne daga bakin masu mota da direbobi da yaran gareji, yawanci masu Corolla da Camry da Sienna da Accord, tunda su suka fi cika titunanmu. Kusan duk mai yin su ya fito ne daga inda aka sa wa motarsa kwamfuta aka ce masa "ai VVT ce, sai an canza solinoyid". Wani lokaci gaskiya ne. Sau da yawa kuma an bar jaki ne ana dukan taiki, shi ya sa na tsawaita bayani a kan gwaji da baƙin mai fiye da kan kwance noti.

Mene ne solinoyid ɗin VVT, kuma me yake yi a inji?

Bawulolin inji iri biyu ne, masu shigar da iska da masu fitar da hayaƙi. Kamshaf ne ke buɗe su, shi kuma karanshaf ke juya shi da sarƙa ko bel, duk juyi biyu na karanshaf juyi ɗaya ne na kamshaf. A tsofaffin motoci irin su Fijo 504, lokacin buɗewa da rufewar bawul ɗaya ne tak, ko mota na tsaye tana silo ko tana tsala gudu a hanyar Zariya. Amma lokacin da ya dace da silo bai dace da gudu ba, dole masu ƙera inji su zaɓi tsaka-tsaki. VVT dabara ce ta gusar da kamshaf gaba ko baya kaɗan alhali inji na cikin aiki, don a samu ƙarfi inda ake bukata, a kuma rage shan fetur da hayaƙi.

Abin da ke gusar da kamshaf ɗin baƙin mai ne. A bakin kamshaf akwai wata giya mai ɗakuna a ciki. In mai ya cika ɗakunan wannan ɓangare sai kamshaf ya yi gaba, in ya cika na ɗaya ɓangaren sai ya dawo. Solinoyid shi ke tsaron ƙofar wannan mai. Tsawonsa bai wuce tafin hannu ba: kansa naɗin waya ne mai soket mai baki biyu, jikinsa kuma bututu ne mai ramuka, da wani ɗan tsinken ƙarfe a ciki mai kai da komo, da sifirin mai mayar da shi mazauninsa. Ƙwaƙwalwar mota, wadda makanikai ke kira birenbos, tana aika masa wuta tana yankewa cikin sauri, gwargwadon wutar gwargwadon inda tsinken zai tsaya. A takardun Toyota sunansa OCV.

Kowace mota ce take da shi? Guda nawa ne a tawa?

Ba kowace ba. Alfa Romeo ne ya fara sa wannan fasaha a motar kasuwa a 1980, Honda ta fito da VTEC a 1989, BMW da VANOS a 1992, Toyota kuma ta yaɗa VVT-i daga tsakiyar shekarun 1990. Camry mai inji 2.2 ta ƙarshen shekarun 1990 da aka shigo da ita daga Amurka ba ta da shi. Hyundai da Kia na kiran nasu CVVT.

Yawansa ya danganta da yawan kamshaf ɗin da ke gusawa. Corolla 2003 zuwa 2008 mai inji 1ZZ-FE guda ɗaya gare ta, a ɓangaren shigar iska. Haka Camry mai 2.4, wato 2AZ-FE. Corolla daga 2009 mai 2ZR-FE da Camry mai 2.5 ta 2010 biyu ne, na iska da na hayaƙi, shi ne ma'anar Dual VVT-i da ake rubutawa a murfin inji. V6 mai 3.0 da mai 3.3 na Sienna da Highlander da RX, in dai mai VVT-i ne, biyu ne, kowane layin silinda da nasa. V6 mai 3.5, wato 2GR-FE, huɗu ne. Ita kuwa Camry 2.5 daga 2018, kamshaf ɗinta na iska wani ɗan injin lantarki ne ke gusar da shi, na hayaƙi ne kawai ke aiki da mai.

Da wace alama zan gane ya samu matsala?

Fitilar cek ce kan fara kamawa. Sai silo ya lalace, mota ta riƙa karkarwa a tsaye, wani lokaci ta mutu a danja ko cikin cunkoso, musamman in an kunna AC. Wasu kuma silonsu lafiya lau, amma in an taka totur sai mota ta yi nauyi kamar an ɗora mata buhuna, ga shan fetur. Bambancin na zuwa ne daga inda tsinken ya maƙale: in ya maƙale kamshaf na gaba, silo ne ke shan wahala, in ya maƙale yana baya, ƙarfi ne ke raguwa. Akwai kuma yoyon mai a gindinsa ko a cikin soket.

Duk waɗannan alamu, ban da yoyon, filogi ko koyil ko totur mai datti ko sensar iska na iya kawo su. Don haka alama kaɗai ba ta isa a sayi kaya ba.

Kwamfuta ta nuna P0011. Ke nan solinoyid ya mutu?

A'a, Malam, ba haka lambar ke nufi ba, kuma nan ne kuɗin mutane ke zurarewa. Lambobin kashi uku ne. Kashi na farko na wuta ne: P0010 da P0013 a layin silinda na ɗaya, P0020 da P0023 a layi na biyu. Ma'anarsu ƙwaƙwalwa ta aika wuta ba ta ga ta bi yadda ya kamata ba, ko naɗin ya ƙone, ko waya ta tsinke, ko soket ya saki. Waɗannan su ne mafi kusa da solinoyid kansa, duk da haka sai rewaya ya duba wayar, don ɓera ma na yin wannan ɓarna.

Kashi na biyu na aiki ne: P0011 da P0012 a kamshaf na iska, P0014 da P0015 a na hayaƙi, sai P0021 da P0022 da P0024 da P0025 a layi na biyu. Ma'anarsu ƙwaƙwalwa ta umarci kamshaf ya je wani wuri, bai je ba ko ya makara. Ba ta faɗi dalili ba. Yana iya zama solinoyid, yana iya zama mai ya yi ƙasa, ko 'yar rariyar da ke tace man VVT ta toshe, ko giyar bakin kamshaf ta lalace. Kashi na uku, P0016 zuwa P0019, na nufin karanshaf da kamshaf ba sa tafiya daidai da juna, wanda galibi maganar sarƙa ce ko taimin da aka ɗaura ba daidai ba, ko da yake solinoyid da ya maƙale ma na iya jawo shi.

Tsofaffin Toyota da Lexus na wajen 1999 zuwa 2003 suna da nasu lambobin: P1349 da P1354 na aiki, P1656 da P1663 na wuta. Ka nemi mai kwamfuta ya rubuta maka lambar ko ka ɗauki hotonta da waya kafin ya goge. A V6 na Toyota da injinsa ke kwance a gicciye, layi na ɗaya shi ne na baya wajen gilashi, na biyu shi ne na gaba wajen lagireto. Na sha ganin an canza na gaba saboda shi ne mai sauƙin kaiwa, alhali lambar na baya take nufi.

Me ke kashe shi?

Baƙin mai, a mafi yawan lokuta. Tazarar da ke tsakanin tsinken da bututunsa ƙanƙanuwa ce ƙwarai, ɗan datti kaɗan ya isa ya riƙe shi. Man da ya daɗe ba a juye ba yakan bar wani shafi mai ruwan ƙasa a jikin ƙarfe, in abin ya yi nisa ya daskare ya koma kamar kwalta. Buɗe murfin zuba mai ka haska da tocila, abin da ka gani a nan shi ne ke cikin solinoyid. Injin 1MZ-FE na Sienna da RX300 ya yi suna wajen tara wannan datti in an yi sakaci da juye.

Yanayinmu ma bai taimaka ba. Ƙurar hunturu na shiga ta filtar iska da ta yage ko ba ta zauna daidai ba, zafin Afrilu a Sakkwato da Maiduguri na wuce digiri 40, ga tsayuwa a cunkoso inji na aiki mita ba ta ƙirgawa. Sai kuma man da ake aunawa daga duro a bakin titi wanda ba wanda ya san asalinsa, da filtar mai ta jabu. Akwai wani abu da mutane ba sa lura: motocin da aka shigo da su daga Amurka da mil suke ƙirga tafiya. Wanda aka ce ya yi juye bayan 5,000 ya bi mitarsa, ya yi kilomita 8,000 ke nan bai sani ba. Shawarata a irin hanyoyinmu, kilomita 5,000 ko wata 6, duk wanda ya riga zuwa.

Abu na uku shi ne gam. Bakaniken da ya lafta gam a murfin inji ko a murfin sarƙa, ragowar da ta matso ciki takan yanke ta bi mai, ta je ta tsaya a rariyar VVT. In matsalarka ta fara ne kwanaki kaɗan bayan an buɗe inji, fara zargin wannan.

Amma ai ƙasarmu da zafi, an ce 20W-50 ne ya dace da mu. Wane mai zan sa?

Maganar tana da ɗan tushe. Littafin wasu tsofaffin Toyota da aka yi don ƙasashe masu zafi ya yarda da mai masu kauri. Sai dai an mayar da abin doka a kan kowace mota, har wadda aka rubuta 0W-20 ko 5W-20 a murfin manta, wannan kuwa kuskure ne. Injin da ke lafiya yana aiki ne a wajen digiri 90, a Jos yake ko a Nguru, domin tamostat da fanka ne ke tsayar da zafinsa. Mai kauri yana jinkirin isa giyar VVT da safe, yana kuma sa kamshaf ya makara wajen bin umarni. Bi abin da ke murfin ko littafin motar. Ga Corolla mai 1ZZ-FE, 5W-30 ne. In inji ya tsufa yana shan mai, a hau mataki ɗaya a gani, kada a yi tsalle zuwa mafi kauri.

Cire tamostat da ake yi da sunan maganin zafi yana ƙara dagula lamarin. Inji ba ya kai zafin aikinsa da wuri, mai na zama da kauri, danshi da fetur ba sa ƙonewa su fita daga cikinsa, datti na taruwa.

Yaya ake gwada shi kafin a saya?

Fara da sandar awon mai, mota a tsaye a wuri mai daidai. In mai ya yi ƙasa ko ya yi baƙi ƙirin, a yi juye da filta mai kyau, a goge lambar, a yi kwana biyu ana hawa. Motoci da yawa a nan maganarsu ke ƙarewa.

In lambar ta dawo, a cire soket a auna bakin solinoyid biyu da mitar awon wuta. Na Toyota yakan nuna om 6.9 zuwa 7.9 in yana da sanyi. In mita ba ta nuna komai ba, naɗin ya tsinke. In ta nuna kusan sifili, ya haɗe. Daga nan a ciro shi a taɓa masa wutar batir na ɗan lokaci: ya kamata a ji ƙas, a ga tsinken ya tafi gaba ɗaya, in an ɗauke wuta ya dawo nan take. Wanda ke tafiya da ja, ko ya tsaya a rabi, ko sai an ƙwanƙwasa shi, ya maƙale. Kada a bar wutar a kai fiye da daƙiƙa ɗaya ko biyu, kuma a nisanta tartsatsi daga fetur.

Gwajin da na fi yarda da shi shi ne na kan mota. Kwamfuta mai kyau tana iya umartar solinoyid ya buɗe alhali inji ya yi zafi yana silo. In komai lafiya, nan take silo zai rikice ko inji ya mutu. In ba abin da ya canza, to mai ba ya isa giyar ko giyar ba ta motsi. Idan solinoyid ya ci gwajin mita da na batir amma ya faɗi wannan, duba amsar rariya da ke ƙasa kafin ka zarge shi.

In wanke shi ko in canza?

In naɗin lafiya yake, datti ne kawai ya riƙe tsinken, wanki na yin aiki. A fesa masa abin wanke kafireto ta ramukan, a ba shi wuta ya motsa, a sake fesawa har ruwan ya fito fes, a bar shi ya bushe, a ɗiga masa sabon mai. Kada a jiƙa ɓangaren soket, kada a goge shi da samfefa, kada a tsokale ragar jikinsa da allura. In mita ta nuna naɗin ya lalace, ko mai na fitowa ta cikin soket, ko ragar ta yage, ko an wanke ya sake maƙalewa bayan mako biyu, sai canji.

Sabo zan saya ko ɗan Beljiyam?

Duka biyun akwai na kirki akwai na banza. A kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna za ka samu ɗan Beljiyam na asali da aka ciro daga injin da ya zo daga waje, kuma sau da yawa ya fi sabo mai araha inganci. Sharaɗi shi ne ka je da naka a gwada su gefe da gefe, ka duba launinsa, wanda ya yi baƙi daga inji mai datti ya fito, a auna shi da mita a ba shi wuta a gabanka, ku kuma yi yarjejeniyar dawowa da shi in bai yi ba. Zoben robarsa kuwa sabo za a sa.

Sabo na asali ya fi kwanciyar hankali in aljihu zai ɗauka. Amma kwali mai sunan Toyota ko Denso ba shaida ba ne, masu jabu sun iya buga kwali. Araha ba ta ado: in farashin ya yi ƙasa da hankali, akwai dalili. Jabun yakan yi ƙas a kan batir kamar na gaske, sai an ɗaura a ga yana makara, lambar ta dawo. A nemo shi da lambar da ke jikin tsohon ko da lambar shasi, saboda na iska da na hayaƙi, da na dama da na hagu, sukan yi kama amma ramukansu ko kunnen notinsu ya bambanta.

Zan iya canzawa da kaina?

A Corolla da Camry masu silinda huɗu, ƙwarai kuwa. Noti ɗaya ne mai lamba 10 da soket ɗaya, aikin bai fi rabin awa ba in bai maƙale ba. Kana bukatar sifana lamba 10, fulaya, tsumma mai tsabta da ɗan sabon mai. Na layin baya a wasu V6 yana da matsi, wannan a bar wa wanda ya saba.

To yaya ake canjin, daki-daki?

A bar inji ya huce, a kashe makulli, a cire kan batir na baƙi. In murfin roba ya rufe inji a ɗauke shi. Kafin a taɓa komai a share ƙura da yashin da ke kewaye da solinoyid, domin ramin da za a buɗe kai tsaye yake shiga hanyar mai. A danna harshen soket a zare shi a hankali, robar ta sha zafi shekara da shekaru, tana karyewa kamar ƙwai. A kwance notin a ajiye shi inda ba zai faɗa cikin inji ba. Sai a kama jikin ƙarfen a murɗa dama da hagu ana ja, a miƙe, har ya fito. Ɗan mai zai zubo, a tare da tsumma kada ya sauka a kan bel ko altaneta.

A leƙa ramin a tabbatar tsohon zoben roba bai tsaya a ciki ba. A jera sabo da tsoho a duba tsawo da ramuka da soket. A shafa wa sabon zoben mai, a tura solinoyid da hannu har kunnensa ya kwanta a jikin inji. In ya ƙi shiga a ciro a sake daidaitawa, kada a ce noti zai ja shi, haka ake yanke zobe ko a karya kunne. Gam ba shi da wurin zama a nan ko kaɗan. A fara ɗaura notin da yatsu, sannan a ƙarasa da sifana. Ɗaurinsa wajen Nm 9 zuwa 10 ne kawai, wato da zarar ya kama a ƙara ɗan kaɗan a tsaya. Kan silinda alminiyam ne, haƙoran raminsa ba sa jure ƙarfin damtse.

A mayar da soket har a ji ya kama, a ɗaura batir, a tayar, a bar shi ya yi zafi ana duban yoyo. In man da ke ciki tsoho ne, a juye shi a ranar. Sabon solinoyid cikin tsohon mai, an kashe maciji ne ba a sare kansa ba.

Ya ƙi fita, ko kuma kansa ya ɓalle ya bar jikinsa a ciki. Yaya zan yi?

Wannan na faruwa sosai a motocin da suka haura shekara 15. Zoben ya bushe ya manne, datti ya riƙe bututun. Maganinsa haƙuri: a fesa man sassauta tsatsa a gindinsa, a jira, a yi ta murɗawa kaɗan-kaɗan. Ɗan ɗumin inji na taimakawa. Abin da ke ɓalle shi shi ne sa sukudireba a banƙare ta gefe ɗaya.

In ya riga ya ɓalle, a zare tsinken da sifirin a tabbatar sun fito cikakku, sannan a murɗa wani noti da ya cika ramin bututun ya kama, a ja shi a miƙe. Wanda bai taɓa yi ba ya kai wa wanda ya taɓa. Huda da injin huji ko bugu da kurfi na iya ƙwarzane ramin, daga nan yoyo ba ya ƙarewa, an yi gyaran gangar Auzinawa ke nan. Bayan an ciro a share ramin sosai a yi juye, saboda ɓurɓushin ƙarfe.

Wace rariya ce ake ta magana a kanta?

Ban da babbar filtar mai, injinan VVT-i da yawa suna da wata 'yar rariya kamar kan alƙalami a kan hanyar man da ke zuwa solinoyid. A 1ZZ-FE tana ƙarƙashin solinoyid ɗin, a bayan wani noti, kusa da altaneta. Yaran gareji da yawa ba su san da ita ba, ita ce kuwa ke tare gam da datti. In ta toshe, ko solinoyid goma aka canza P0011 ko P0012 ko P1349 za su dawo. A ciro ta, a lura da yadda take fuskanta, a wanke ko a sa sabuwa, a mayar da wasalin notin. Kada a jefar da ita a ce mai zai fi gudu, duk abin da take tarewa cikin giya zai tafi. A wasu sababbin injina tana can ciki, sai an buɗe murfin sama.

Tawa Honda ce. Daidai take da Toyota?

Akwai bambanci, kuma rashin saninsa na sa a sayi abin da ba shi ba. Injin 2.4 na Accord daga 2003 da na CR-V yana da abu biyu. Akwai solinoyid ɗin VTC, mai noti ɗaya a ɓangaren sarƙa, shi ne ɗan'uwan na Toyota, yana kuma da tasa rariyar daban a gaban kan silinda. Akwai kuma na VTEC, wani dunƙule mai noti uku a bayan kan silinda, wanda ke canza yawan buɗewar bawul, da gasket mai raga da sensar matsin mai a jikinsa. Lambobin VTEC su ne P2646 da P2647, a tsofaffi P1259, alamarsa kuma mota ta riƙa fizga tana ƙin wuce wajen 3,000 a agogon juyin inji. Naɗin na VTEC yakan nuna om 14 zuwa 30, kada a auna shi da ma'aunin Toyota. Sau da yawa gasket mai ragar ko sensar ce kawai ke bukatar canji.

Masu Accord V6 ta 2008 zuwa 2012 su riƙa duba dunƙulen da ke layin gaba, domin in gasket ɗinsa ya fara yoyo a kan altaneta yake zuba, ya kashe ta.

Da safe in na tayar sai in ji ƙara "garrr" na daƙiƙa biyu ta ɗauke. Solinoyid ne?

Da wuya. A cikin giyar bakin kamshaf akwai wani ɗan fil mai kulle ta in an kashe inji, har sai mai ya iso. In fil ɗin ko raminsa ya cinye, giyar na kaɗawa a wofi kafin mai ya cika ta, ƙarar da kake ji ke nan. Accord 2.4 ta 2008 zuwa 2012 ta shahara da wannan, wasu Toyota ma na yi. Maganinsa canza giyar, aiki ne da ke taɓa sarƙa da taimin. Kafin a kai can a gwada filtar mai ta kirki da man da ya dace, saboda filtar da ba ta riƙe mai in an kashe inji na tsawaita ƙarar. In ƙarar ba ta ɗaukewa, a duba sarƙa da abin da ke ɗame ta.

Na canza, amma fitilar ta dawo. Me ya rage?

Da farko a tabbatar dawowa ta yi, ba tsohuwar ce ba a goge ba. In ba a goge da kwamfuta ba, fitilar kan ɗauke da kanta ne bayan tafiya uku a jere ba tare da matsalar ta sake bayyana ba. Haka kuma wasu lambobin sai ƙwaƙwalwa ta ga laifin a tafiya biyu kafin ta kunna fitila, don haka rashin ganinta a ƙofar gareji ba shaida ba ne, sai an kwana biyu.

In ta dawo da lambar wuta, a bi wayar daga soket har ƙwaƙwalwa. In ta dawo da lambar aiki, a duba rariya, a tabbatar an canza na layin da ya dace, a gwada sabon kamar yadda aka gwada tsohon, sannan a auna matsin mai da geji na gaske. Matsi na raguwa in famfon mai ya gaji, ko metal ɗin da karanshaf ke juyawa a kansa ya cinye, ko ragar da ke tsotsar mai a kaskon ƙasan inji ta toshe. In P0016 ce ko 'yan'uwanta, a buɗe a duba alamomin taimin da miƙewar sarƙa, musamman in an taɓa sauke kan silinda.

Zan iya ci gaba da hawa haka, ko a zare soket ɗin kawai?

In fitilar cek ce kaɗai kuma mota na tafiya, za ka iya kai ta gareji, har ka yi 'yan kwanaki. Zare soket kuwa yana mayar da kamshaf mazauninsa na asali ne in tsinken bai maƙale ba, mota za ta tashi ta yi silo, amma ba ƙarfi, ga shan fetur, fitila kuma na kunne kullum, ranar da wata babbar matsala ta zo ba za ka sani ba. Motar da ke mutuwa a tsakiyar titi ba abin ɗaukar iyali ba ce. In kuwa jar fitilar mai ce ta kama, ko ana jin ƙwanƙwasa a inji, a kashe nan take a jawo ta.

V6 gare ni mai guda huɗu. In canza su duka? Kuma a wanke cikin injin da kananzir?

Ba dole ba ne. A canza wanda gwaji ya kama, a ciro sauran a duba a wanke in ana iya kaiwa gare su. Wanda ke da 2GR-FE na shekarun farko, wajen 2005 zuwa 2009, ya sa a duba masa bututun da ke kai mai ga VVT na layin baya. Na asalin yana da guntun roba a tsakiya wanda kan fashe ya zubar da man inji cikin mintuna, daga baya aka koma yin sa da ƙarfe zalla. In naka mai roba ne, canza shi ya fi canza solinoyid gaggawa.

Kananzir ko gas a cikin inji ban yarda da shi ba. Yana ɓamɓaro datti gunduwa-gunduwa, su tafi su toshe ragar kasko da rariyar VVT, yana kuma tsinka man da ke kare metal. In datti ya yi yawa, a sauke murfin sama da kaskon ƙasa a wanke su da hannu, a wanke ragar tsotso, sannan a yi juye biyu ko uku a kusa da juna, kowanne bayan kamar kilomita 1,500, da sabuwar filta kowane karo. A juye na ƙarshe a sake ciro 'yar rariyar a duba abin da ta tara.